Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Ake Fama da Ruwan Ramin Ma'adinai Kafin a Toshe Bakinsa

Da hantsin ranar Laraba, 5 ga Agusta, 2015, wata motar haƙa tana yaƙular ƙasa a bakin wani tsohon ramin zinare mai suna Gold King, can cikin tsaunukan da ke arewa da garin Silverton a jihar Kolorado ta Amurka. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ita ta ɗauko ma'aikatan. Suna kwashe baraguzan da suka rufe ƙofar ramin ne don su ga inda dutse mai ƙwari ya fara, sai suka ga ruwa ya soma tsartuwa daga jikin ƙasar, garau da shi. Kafin a ce kwabo ya rikiɗe ya koma ruwan goro, ya ɓalle toshiyar da ke gabansa, ya kwashe hanyar mota, ya gangara cikin rafin Cement Creek. Ma'aikatan sun sha da ƙyar.

Da farko hukumar ta ce galan miliyan 1 ne ya fita. Daga baya ta gyara lissafi ta ce miliyan 3, wato sama da lita miliyan 11. In an kwatanta da tankar man fetur mai cin lita 33,000, tankoki kusan 345 ke nan. Ruwan ya shiga kogin Animas, ya ratsa garin Durango, ya faɗa kogin San Juan a jihar Niyu Meziko, ya bi ta ƙasar ƙabilar Nabaho, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Manoman Nabaho suka rufe hanyoyin ban ruwansu, wasu suka zuba ido amfanin gonarsu ya bushe a tsakiyar kakar noma.

Abin da yawancin labaran wancan lokaci suka tsallake shi ne dalilin zuwan ma'aikatan wurin. Ƙasa kaɗan da Gold King akwai wani ramin, Red and Bonita, wanda a wannan shekarar ake gina masa bangon kankare a cikinsa don a datse ruwan da yake fitarwa. An san in aka datse wannan, ruwa zai iya tasowa a wancan, shi ya sa ake so a buɗe Gold King a riƙa lura da shi. Ashe ke nan masifar ta faru ne a wajen shirin toshe rami. Kuma tushenta ma, a ganin masana da yawa, wata toshiyar ce da aka yi shekaru kusan ashirin kafin nan.

Sai mu fara da ruwan kansa. A duwatsun da ake samun zinare da azurfa da kwal akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinare, fayirait, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne ba ya taɓa kowa. Da zarar mahaƙa sun fasa dutse, iska da ruwa suka same shi, sai ya riƙa haifar da asid irin na ruwan batir, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani kuma suna ƙara wa abin sauri. Asid ɗin ya narkar da tutiya da tagulla da dalma da kadmiyom da alminiyom daga jikin dutse, ya fito da su waje. Launin ruwan goron nan tsatsar ƙarfe ce, kuma ita ce mafi sauƙin illa a cikinsu; masu kashe kifi ba su da launi.

Hikimar toshe rami daga nan ta fito. In aka cika ramin da ruwa har sama, iska ba za ta ƙara samun fayirait ba, masana'antar asid ta mutu ke nan. Ga kamfanin da ya gama cin moriyar rami, wannan magana tana da daɗin ji, domin ɗaya zaɓin shi ne ya yi ta tace ruwa har illa masha Allahu.

Haka kamfanin Sunnyside Gold ya yi lissafi. Ramin Sunnyside, mafi girma a yankin, ya daina aiki a 1991. Akwai wata doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa mai suna American Tunnel wadda ke zuƙe ruwan dutsen gaba ɗaya tana fitar da shi a wani wuri da ake kira Gladstone, kimanin lita 6,000 a kowane minti, kuma a nan kamfanin ke tace shi. A 1996 ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar cewa zai toshe hanyar, ya gyara wasu tsofaffin wurare, sannan a sallame shi daga tacewa. Aka gina bango na farko a 1996, na biyu a 2001, na uku a 2002. Ruwan da ke fita ta American Tunnel ya ragu ƙwarai. A bayan bangon farko kuwa ruwa ya taru ya hau sama kimanin mita 300. Ba a jima ba sai ramukan da ke sama a jikin dutsen, waɗanda a da busassu ne ko kuma ɗan ɗiga kawai suke yi, suka fara kwarara: Red and Bonita, Mogul, da shi Gold King. Injin tacewa na Gladstone kuma ya tsaya cak wajen 2004 bayan ya koma hannun wani kamfanin. Kifi ya ragu a Animas a shekarun da suka biyo baya. Kamfanin Sunnyside ya sha musanta cewa ruwan raminsa ne ya ɓulla a Gold King, kuma wannan gardama ta kai har kotu. Amma ko ta wace tsaga ya bi, ruwan da ke sauka a kan dutsen bai ragu da ɗigo ɗaya ba don an zuba kankare. An rufe masa ƙofa, ya nemi taga.

Yanzu mu shiga cikin ramin mu ga yadda ake aikin, domin a nan ne ruwa ke nuna halinsa.

Kafin kowa ya sa ƙafa, tambayar farko ita ce: ruwa nawa ne a bayan abin da ya rufe ƙofar, kuma ina ya kai? Tsohon rami rufinsa yakan rufta a wurare da dama, kowace ruftawa kuma ƙaramar madatsa ce da babu wanda ya zana ta. A Gold King an yi hasashe ne daga inda ake ganin ruwa yana tsattsafowa a waje, aka ɗauka bai cika ramin ba. Ashe ya cika har ya fi ƙarfin rufi. Rahoton da hukumar kula da madatsun ruwa ta tarayyar Amurka ta fitar a watan Oktoba na 2015 ya ce da an haƙa rijiyar burtsatse daga saman dutsen zuwa cikin ramin an auna ruwan kai tsaye, da ba a yi wannan ɓarna ba. Abin takaicin shi ne an yi hakan a Red and Bonita a 2011 kafin a buɗe shi. A Gold King gangaren ya fi tsauri, haƙar ta fi tsada da wuya, sai aka bi gajeriyar hanya. Ni a ganina wannan shi ne babban kuskuren, ba hannun direban motar haƙa ba. Wanda bai san zurfin ruwa ba ba ya cewa a bi shi a tsallaka.

In an san matakin ruwan, sai a rage shi a hankali ta bututu daga sama zuwa ƙasa, ana sauke toshiyar kaɗan-kaɗan. To amma ina za a kai shi? Nan ne ake gane cewa rabin aikin toshe rami a waje ake yin sa. Dole a tanadi tafkunan tacewa tun kafin a taɓa komai. Ana zuba wa ruwan farar ƙasa ko soda don a kashe tsaminsa, ƙarafan da suka narke su dunƙule, sannan a ƙara wani sinadari mai aiki irin na alif a cikin randa, laka ta kwanta, a tsiyaye na sama. Kuma girman tafkin ba a auna shi da ruwan da rami ke fitarwa a ranar lafiya. Ana auna shi da ranar da wani abu ya ɓalle a ciki.

Akwai kuma laka. Wanda ya shiga irin wannan rami, da fitila a goshi da dogon takalmin roba, zai tarar da tsatsar shekaru ta kwanta a ƙasa kamar kunun da ya kwana, wani wuri har gwiwa, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana bi ta samanta. Taku ɗaya ya isa ya dama ta, ruwan da ke fita bakin ramin ya canza launi nan take, nauyin ƙarafan da ke cikinsa ya ninka. Saboda haka sharar ramin ma ba a yin ta gaba gaɗi. Ana yi ne gwargwadon abin da tafkunan waje za su iya ɗauka a ranar. Ga matsalar iska, domin fayirait yana cinye iskar shaƙa, sai an kafa fanka da dogon bututun hura iska. Ga rufi da ake tokarewa. Ga gajeren lokaci: wurin ya haura mita 3,000 a sama da teku, dusar ƙanƙara kan rufe hanya watanni da yawa, in ta narke kuma ruwa ya ƙaru.

Zaɓen inda bangon zai zauna shi ne wurin da ya kamata mu ɗan daɗe. Duk mita 10 na tsayin ruwa yana danna kowace murabba'in mita da nauyin tan 10. Ɗauki rami mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 daga ƙasa zuwa rufi, a ce ruwa zai hau mita 300 a bayansa kamar na Sunnyside: turin da bangon zai sha tan 2,700 ne. In kaurin bangon mita 5 ne, nauyinsa duka bai wuce tan 110 ba. Ka ga ba nauyinsa ke riƙe shi ba, kamun da ya yi wa dutsen da ke kewaye da shi ne, kamar yadda toton masara ke riƙe bakin tulu. Shi ya sa ake neman wurin da dutse ba shi da tsaga, a kankare duk wani ruɓaɓɓen ɓangare, a wanke shi fes, wani lokaci a sassaƙe shi yadda bangon zai zama mai faɗi ta ciki, ƙunci ta waje, turin ruwa ya ƙara cusa shi.

Gwaje-gwajen da injiniyoyi suka yi a ramukan zinare na Afirka ta Kudu a shekarun 1950 sun nuna wani abu da har yau ake aiki da shi: da wuya kankaren kansa ya gaza, yoyo ta gefensa ne ke kayar da aiki. Don haka sau da yawa kaurin bango ba don ƙarfi ake ƙara shi ba, don a tsawaita wa ruwa hanya ne. Sannan dole dutsen da ke bisa bangon ya yi kauri. Dutse ya fi ruwa nauyi sau biyu da rabi da ɗoriya, to in matsin ruwa ya fi nauyin dutsen da ke kansa, zai ɗaga tsagogin ya buɗe su ya fita ta saman bangon, bango yana nan daram ba abin da ya same shi. Wannan ne dalilin da ba a gina irin wannan toshiya a bakin ƙofa, sai an nutsa ciki.

An sami wuri, an wanke dutse. Ruwa fa bai daina zuwa ba. Red and Bonita yana fitar da kimanin lita 1,100 a minti, wato duro biyar da rabi, dare da rana. Duk maginin da ya taɓa zuba kankaren kwalbati da damina ya san abin da ruwa mai gudu ke yi wa ɗanyen kankare: yana wanke simintin ya bar yashi da tsakuwa, ya kuma bar 'yar siririyar hanya a ciki wadda ba za ta taɓa toshewa ba. In hakan ta faru a ƙasan bangon rami, an gina ƙofa ne ba bango ba.

Maganin shi ne a gina 'yar ƙaramar madatsa a gaba, can ciki, da buhunan yashi ko kankare, ta tara ruwan ta tura shi cikin bututu. Bututun ya ratsa ta tsakiyar inda za a zuba kankaren ya fito ta ɗaya gefen, ya kasance ruwa yana wucewa ta cikin bangon tun bangon bai wanzu ba. Ɗan abin da ke ɗiga daga rufi da gefe a tare shi da leda da ƙananan bututu, wanda ya taru a ƙasa a zuƙe da injin. Sauƙin faɗa gare shi. A ce 'yar madatsar tsayinta mita 1 ne, ramin faɗinsa mita 2, gangarensa kuma mita 1 a cikin kowace 100. Abin da za ta iya tarawa lita 100,000 ne. In laka ko guntun katako ya toshe bakin bututun, da ruwan Red and Bonita, sa'a ɗaya da rabi kawai ake da ita kafin ruwa ya haura ya faɗa kan ɗanyen kankare. Zubin kuwa ba a katse shi, domin duk inda aka tsaya aka ci gaba an bar gaɓa, gaɓa kuma hanyar ruwa ce. Saboda haka ake sa raga a bakin bututu, ake ajiye injin jan ruwa na biyu da janareta na biyu, ake kuma sa mutum ya kwana yana kallon ruwan.

Shi kansa bututun abin lura ne, tunda zai zauna a cikin bangon har abada. Baƙin ƙarfe ba ya jure asid, sai ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma akan yi masa ƙwala-ƙwalai kamar zobba a jikinsa don kada ruwa ya bi bayansa ya silale. Simintin ma akan zaɓi mai jure gishirin farar wuta. Akan binne wani siririn bututu da za a ɗaura wa geji don karanta matsin ruwa daga waje.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne rufi. Kankare ƙasa yake kwanciya, in yana bushewa kuma yana ɗan tsukewa, sai a sami siririn gibi tsakaninsa da rufin ramin wanda ko takarda ba za ta shiga ba, amma ruwa mai matsi zai shiga. Shi ya sa tun kafin zubi ake jera ƙananan bututu a wurin, bayan kankare ya kama a ɗura ruwan siminti da ƙarfin inji ya cike gibin da tsagogin dutse. Sai a jira, bisa al'ada kwana 28, ruwa yana ta wucewa abinsa ta bututu.

Waɗanda suka fi kowa nuna gwaninta a wannan fanni su ne ma'aikatan ramin zinare na West Driefontein a Afirka ta Kudu. A watan Oktoba na 1968 ruwa ya fasa cikin ramin da yawan da injinansu ba za su iya ja ba. A cikin makonni kaɗan suka gina toshiyoyi a hanyoyin da suka haɗa ɓangaren da ya cika da sauran ramin, ruwa yana wucewa ta manyan bututu a tsakiyar kankaren, sai da ya kama suka murɗe bawul, wato makullin da ke rufe bututun. Ramin ya tsira. Amma su burinsu su ceci wurin aiki ne, sun kuma san za su ci gaba da zama a wurin suna jan ruwa. Mai toshe ramin da ya mutu burinsa ya tafi gida, kuma a nan bambancin yake.

Domin ranar da aka rufe bawul, ruwa ya fara hawa, kuma kowace tsohuwar hanya da mahaƙan shekaru ɗari da suka wuce suka fasa ba su sa a taswira ba, kowace rijiyar bincike da aka manta, kowace tsaga, ta zama abin zargi. A Wheal Jane, wani ramin kuza a yankin Cornwall na Ingila, an kashe injinan jan ruwa a 1991. A watan Janairu na 1992 ruwa ya ɓalle ta wata tsohuwar hanya, lita miliyan 50 ko kusa da haka suka rine kogin Carnon har bakin teku. A yammacin Johannesburg ma ruwan asid ya ɓullo saman ƙasa a 2002, 'yan shekaru bayan an daina jan ruwa daga ramukan. Don haka aikin kirki yakan fara da ƙidayar duk wani marmaro da tsattsafi da ke kewayen dutsen, a auna yawansu da tsaminsu tun kafin a rufe, in ba haka ba gobe in wani ya ce rijiyarsa ta lalace babu mai iya cewa ga abin da ya jawo. Sannan a rufe mataki-mataki, ana karanta geji, ana zagaya dutsen.

Ba wai ina cewa toshewa aikin banza ba ne. Tana hana irin fashewar Gold King, tunda bangon da aka auna ya fi tarin baraguzan da babu wanda ya san ƙarfinsu. Tana iya rage asid in ruwan ya rufe fayirait. Abin da ba ta yi shi ne ɓatar da ruwa. Abin da nake ganin ya fi daidai shi ne a ɗauki bangon a matsayin kan famfo: a iya riƙe ruwa lokacin narkewar ƙanƙara, a sake shi lokacin da injin tacewa ke da sarari. Amma kan famfo yana buƙatar mai murɗa shi da mai biyansa albashi, yarjejeniyar 1996 kuwa an ƙulla ta ne don a sallami kamfanin daga wannan ɗawainiya.

Wani lissafi ya daɗe yana damuna. Lita miliyan 11 da suka tayar da hankalin duniya a rana ɗaya, Red and Bonita shi kaɗai yana zubar da kwatankwacinsu a duk mako, shekara da shekaru, babu kyamara. Gwamnan Kolorado na lokacin, John Hickenlooper, har kurɓar ruwan Animas ya yi a gaban 'yan jarida don ya nuna kogin ya dawo daidai. Daidai ɗin da ake nufi shi ne yadda yake kafin 5 ga Agusta, wanda dama can ba lafiya ba ce.

Bayan fashewar an kafa injin tacewa na wucin gadi a Gladstone a watan Oktoba na 2015, kusan a inda na da yake. A watan Satumba na 2016 gwamnatin tarayya ta sa wurare 48 na yankin cikin jerin gurɓatattun wuraren da take ɗaukar nauyin gyarawa, abin da mutanen Silverton suka daɗe suna ƙi don tsoron korar 'yan yawon buɗe ido. A 2021 kamfanin Sunnyside ya amince ya biya Nabaho dala miliyan 10, Niyu Meziko miliyan 11, ba tare da amsa laifi ba. A 2022 gwamnatin Amurka ta amince da miliyan 31 ga Nabaho, miliyan 32 ga Niyu Meziko.

Bangon Red and Bonita kuwa an kammala shi a 2015, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin rufe bawul ɗinsa a lokacin. Sai a 2020 aka rufe shi na 'yan watanni don gwaji, ana auna marmaro da rijiyoyin da ke kewaye, sannan aka sake buɗe shi kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.